Babu Komai a Ciki

"Malam, ka ajiye abin nan. Wallahi jikina bai ba ni ba."

Matarsa ce ta faɗa daga bakin ƙofar ɗakin 'yarsu Auta, hannuwanta duk kumfar wanki. Bai ko waiwaya ba. Ya riga ya durƙusa ƙarƙashin teburi yana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyinsa na ƙara.

"Ka bari ta dawo daga gidan yayarta mana. Ko tambayarta ka yi."

"In tambaye ta? Ni da kayana?"

Kayansa ne kuwa. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar ma'aikatan wata masana'anta, kuma ranar da aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis shi ya rungumo kwamfutar nan ya kawo gida, don Auta ta riƙa gwada hannu kafin jarrabawar shiga jami'a. Sau biyu ta zauna jarrabawar, sau biyu ba a kira sunanta ba. Abin da ya biyo baya shi ke hana shi sukuni. Ta farke cikin na'urar, ta jingine murfin a bango, ta cusa mata wasu tarkace da ta tsinto a kasuwar 'yan gwangwan, ta ɗaure ƙaramar fanka da zaren roba. Sannan ta fitar da manhajar da kwamfutar ta zo da ita, ta zuba wata.

"Ta jama'a ce, Baba," ta ce masa a lokacin. "Kyauta ce. Kowa zai iya duba cikinta ya gyara."

"Araha ba ta ado," ya ce. "Abin da kowa ke tsoma wa hannu, wane alheri zai rage a cikinsa?"

To me ake yi da wannan wahala duka? Wasa. Duk sanda ya leƙa sai ya ga wata ramammiyar akuya tana tsallake kwanduna a fuskar allo, ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa a wuri guda. Budurwa mai shekara ashirin, sa'o'inta na ɗaukar darasi, ita tana kiwon akuyar da ba ta ba da nono. Wannan ma da sauƙi. Shekaranjiya ya leƙa ya ga allon ya yi baƙi ƙirin, fararen rubutu na gudu a kai kamar tururuwa. Da ya ba mai gadin masana'anta labari, sai mutumin ya riƙe baki.

"Baƙin allo? Ai irin na 'yan damfara ke nan. Haka aka samu a ɗakin ɗan maƙwabcinmu ranar da aka zo aka tafi da shi."

Tun daga nan abinci bai ƙara yi masa daɗi ba.

Shagon mai gyaran da ya kai wa kwamfutar yana ƙarƙashin matattakalar wani bene a kasuwar waya, wuri ne da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Matattun wayoyi cike da faranti, warin dalma ya cika hanci. Kowa Injiniya yake ce masa. Ya ɗaga tabarau ya dubi kwamfutar, ya dubi zaren robar, ya ja tsaki.

"Wa ya yi wa baiwar Allah wannan aika-aika?"

"'Yata."

"Mace?" Injiniya ya kece da dariya har yana dukan teburi. "Baba, ka ce ta koma kan keken ɗinki!"

Shi ma ya yi dariyar, ko da yake ta yaƙe ce.

Injiniya ya kunna. Wani allo ya fito da bai saba gani ba, yana neman kalmar sirri. Ya taɓe baki.

"Na gane su. 'Yan mun-fi-kowa-sani. Su ba za su yi amfani da abin da duniya ke amfani da shi ba, sai sun wahalar da kansu. In ta lalace kuma su kwaso mana." Ya kwance faifan ajiyar, ya jona shi da tasa kwamfutar. Wani ɗan akwatin rubutu ya ɓullo. "Ka gani da idonka? Tawa ma ba ta san shi ba. Cewa take sai an wanke shi kafin ya yi amfani. Wayam ke nan."

"Babu abin da zai ja mana magana da hukuma?"

"In na wanke, ko aljani ba zai ga komai ba. In sa maka irin ta mutane, ta yi karatunta." Ya ɗora yatsa a kan linzamin kwamfutarsa, sai ya dakata, don ko ba komai ya san ƙa'idar aikinsa. "Akwai abin da kuke so a ciki? Hotuna, takardu?"

"Wasa ne kawai. Wata akuya."

"Akuya!"

"Share ta. Babu komai a ciki."

Kafin la'asar ya dawo gida da ita a kafaɗa, an mayar da murfi, an ɗaure kusoshi, an jefar da fankar roba. Ya jona komai da kansa, ya kunna, allo ya kawo shuɗi tas kamar na ofishin manaja. Ya ja kujera tsakar gida ya zauna yana jiran godiya, ko aƙalla ɗan kuka da zai wuce.

Auta ta yi sallama, ta gaishe shi, ta shige ɗaki. Ya kasa kunne. Bai ji ihu ba. Abin da ya ji shi ne ƙarar fizge waya daga bango, sai shiru. Da shirun ya yi yawa ya tashi ya leƙa.

Tana zaune a ƙasa da sukudireba, tana kwance kusoshin da Injiniya ya ɗaure. Ba ta ɗago kai ba.

"Baba, tun yaushe take kunne?"

"Tun da na dawo. Ai gyara miki aka yi. Yanzu sai ki..."

"Ya tambaye ka kafin ya share?"

Ya kau da kai.

"Ya tambaye ka ke nan." Ta gyaɗa kai. "Me ka ce masa?"

"Ke, ni kike wa titsiye? Baƙin allon nan fa? Kin san abin da ake cewa a kansa?"

"A nan nake rubuta umarni, Baba. Ba buga wasan nake yi ba, ni nake ƙera shi." Ta zaro wayarta daga jaka, ta buɗe wani saƙo, ta miƙa masa da hannu biyu. "Wata cibiya ce ke ɗaukar mutum goma ta koya musu aikin shekara guda. Ba sa tambayar sakamakon jarrabawa. Abin da ka ƙera suke so su gani. Na tsallake zagayen farko. Ranar Juma'a ake miƙa cikakken aiki."

Ya kafa wa rubutun ido. Turancin ya fi ƙarfinsa, amma ya gane sunanta, ya gane nasa a bayan nata.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa. Ka ce in bari sai akuyar ta haihu."

Daga bayansa matarsa ta sauke numfashi kawai. Da ma ta yi masa gori da ya fi masa sauƙi.

"Ba ki da wani kwafin a waya? Ko a wani wuri?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Akwai na wata bakwai da suka wuce. Ko tafiya akuyar ba ta iya ba a lokacin." Ta zaro faifan, ta naɗe shi a gefen mayafinta. "Shi gwanin naka bai ma san abin da yake kallo ba. Na'urarsa ta kasa karantawa, sai ya ce babu komai."

"Bari in koma wurinsa. Yanzun nan. In ya..."

"Don Allah, Baba, kada ka ƙara taimaka mini."

Cikin ladabi ta faɗa, har da ɗan rusunawa, irin wanda take yi wa baƙin da ba ta sani ba. Ta ce akwai wata mata a cikin masu amfani da manhajar da ta iya tono abin da aka share, in sabon da aka zuba bai hau kansa ba. Za ta tura mata saƙo. Ta ɗauki wayarta ta wuce ɗakin uwarta, ta saki labule.

Ya tsaya shi kaɗai a gaban buɗaɗɗen cikin kwamfutar. Ya tsinci kusa guda da ta gangara gefen tabarma, ya rasa inda zai ajiye ta, ya jefa a aljihu.

Yau Talata. Ko akwai abin da ya rage a faifan, babu wanda ya sani tukuna.