Ɓargon da Na Yi Kiwo

Tun da ciwon zuciya ya kayar da matata, ko shara ta fara sai ta zauna tana haki. Likita ta ce wani sashe na naman zuciyar ya mutu, amma akwai gwajin da suke yi: a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, a tace ƙwayoyin da ba su riga sun zama komai ba, a tura su cikin zuciya, ko wurin zai farfaɗo.

Abin ya tsaya mini a rai. Ashe mutum yana yawo da kayan gyaransa a ƙugu! Matata kuwa ba ta haɗa hanya da allura, sai na ce ta kwantar da hankali, nawa za a ɗiba. A kan haka ta yarda. Na shiga sayen ƙashi ina tsotsa safe da yamma don ɓargona ya yi kauri, har mahauci ya tambaye ni ko kare na samu.

Ranar da muka koma asibiti, na kwance bel ɗin wandona ina neman gadon hawa.

"Baba, ina zuwa?" in ji likita.

"Ɗibar ɓargo, 'yata. Na yi kiwonsa."

Ta danne dariya. "Na Mama za mu ɗiba. Naka baƙo ne, jikinta zai yaƙe shi."

"Baƙo? Ni da muka tsufa tare?"

Matata ta suri jakarta. "Tashi mu tafi, sarkin dabara."

Ba ta kai ƙofa ba numfashi ya sarƙe mata. Ta dafa bango, ta juyo. "Likita, zan warke?"

"Ba zan yi miki alkawari ba, Mama. Wasu sun ɗan ji sauƙi, wasu ba su ga canji ba."

Tambaya ta suɓuce mini. "To su ƙwayoyin, wa ke gaya musu a zuciya suka sauka, ba a hanta ba?"

"Mu ma abin da muke bincike ke nan, Baba."

Matata ta kalle ni, sannan ta ajiye jakar. "In na fasa, wannan mutumin zai ƙarasa ni da tambaya a gida. Ina gadon?"

Ta kwanta rub da ciki, ta damƙe hannuna.

"Buɗe ido ka kalla mini komai. In mun koma ka ba ni labari, amma a taƙaice."