Cokali Biyu Safe, Biyu Yamma

Da gajiya abin ya fara. Hussaini malamin firamare ne a Roni, amma in ya dawo gida sai ya zube kamar wanda ya wuni yana huɗa. Daga baya yatsunsa suka kama ciwo, har riƙe alli ya gagare shi.

Kawu Sama'ilu ne ya duba shi. Kawu ya shekara talatin yana yanka kati a wani asibiti, shi ya sa a gidan ake ce masa Dakta, shi kuma yana amsawa. Ya gyara tabarau, ya ja fatar idon Hussaini ƙasa.

"Ba jini," in ji shi. "Wannan ko ɗan koyo ya sani."

Ya rubuta maganin ƙarin jini. Bayarwa kuwa aka ɗora wa Dela, ƙanwar Hussaini, tunda ita ba ta mantuwa. Cokali biyu safe, biyu yamma, ranar kasuwa ta soya masa hanta.

"Dela, abin nan ɗanɗanon ƙusa gare shi."

"Yaya, ka taɓa cin ƙusa ne? Buɗe baki."

Haka har shekara uku. Fatarsa ta yi duhu, cikinsa ya kumbura, sannan aka kai shi asibiti a Kano.

Likitar ta duba sakamakon gwaji ta ce wa Dela da Kawu, "Ba ƙarancin jini ba ne. Sinadarin ƙarfe ne ya yi masa yawa. Jikinsa na zuƙe shi daga abinci fiye da kima, ya taru a hanta har ya lalata ta. Gado ne, ta uwa da ta uba, ko da su lafiyarsu lau. Da an zo da wuri, ɗibar jininsa za mu riƙa yi. Yana shan wani magani?"

Dela ta ciro kwalbar daga jaka. Likitar ta karanta jikinta, ta ga sinadarin ƙarfe ne a ciki, ta ajiye a hankali.

"Dama na yi zargin haka," in ji Kawu.

Hussaini ya rasu ana cirar gyaɗa. Ranar sadakar uku Kawu yana zaure yana yi wa masu ta'aziyya bayanin ciwon, rabi da Turanci. Inna, mahaifiyarsu, ba wanda ya gaya mata abin da likita ta ce. Ta kira Dela ɗaki, ta riƙe hannunta.

"Abu ɗaya nake son ji. Ba mu yi sakaci ba dai ko? Yana samun maganinsa?"



"Yana samu, Inna. Ko rana ɗaya ban tsallake ba."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Inna.