Robar Numfashin Inna

Kwana uku ke nan da yi wa Inna aikin matsarmama, kuma kwana uku ke nan Yaya, babbar 'yarta, ba ta leƙa shagon ɗinkinta ba. Aiki dai ya yi kyau, sai dai iskar da ke jinin Inna ta ƙi hawa. Aka kifa mata robar oksijin a hanci da baki, aka maƙala mata wata 'yar na'ura a yatsa mai nuna lamba. Nas ta ja kunnen Yaya: "In lambar nan ta yi ƙasa da casa'in da biyu, ki kira ni. Kuma kar a bari tana cire robar."

Yaya ce mai juya ta, mai goge mata jiki, mai zubar da fo. Ladanta kuwa nuni da yatsa. In Inna na son ruwa ta nuna kofi, in filo ya zame ta nuna filo. Ko sannu ba ta haɗa su ba.

Da la'asar, lokacin ziyara, sai ga Auta ta taso daga ofis, tana baza ƙamshin turare, da 'yar ledar lemo a hannu. Kafin ma ta zauna Inna ta janye robar zuwa haɓa.

"Autata! Kin ci abinci kuwa? Dubi yadda kika rame."

Abin ya sosa wa Yaya rai. Kishi ne tsagwaronsa, ba sai an yi masa kwana-kwana ba. Ashe bakin yana nan, ita ce dai ba a yi tanadinsa dominta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Ta koma kujera ta naɗe hannu, ta kafa wa lambar ido. Casa'in da huɗu. Casa'in da ɗaya. Inna na ta zuba labarin likita, tana tsayawa a tsakiyar magana ta ja numfashi, Auta na dariya, ba ta ma san abin da lambar ke nufi ba. A ranta Yaya ta ce bari nas ta zo ta ga aikin 'yar gaban goshi. Tamanin da takwas. Sai da ta ga leɓen Inna ya yi duhu, ƙirjinta na ɗagawa da sauri, sannan ta zabura ta mayar da robar, ta ɗaga kan gadon, ta ƙwala wa nas kira.

Nas ta ƙara iskar, ta tsaya a kan Inna har lambar ta hau, sannan ta juyo.

"Wa ya sa ta surutu haka?"

"Ni ce," in ji Auta, idonta ya ciko. "Wallahi ban sani ba. Yaya, ki yafe ni."

Aka sallami Auta zuwa baranda. Abin da Yaya ta so ke nan, amma ko kaɗan bai yi mata daɗi ba.

Ɗaki ya yi tsit, sai shuuu na iska. Yaya ta sunkuya tana gyara bargo. Inna ta kama bakin mayafinta ta jawo ta kusa, ta ɗan ɗaga gefen robar da yatsa ɗaya.

"Ina kallonki, kina kallon lambar," in ji ta a hankali, ta saki robar ta rufe ido.

Ita ce magana ta farko da ta yi mata a kwana uku.