Katin Ƙarshe daga Jabalpur

Mako uku ke nan kati bai zo ba, har Bhabatosh-babu, kamar yadda ake kiran dattijon don girmamawa, ya fara jin haushin Haradhan mai raba wasiƙu, bawan Allah da bai ji ba bai gani ba.

Shekara ashirin da shida suna wannan wasa shi da Sudhir Moitra, abokin aikinsa na gyaran rubutu a wata jaridar Turanci ta Kalkata, tun da Sudhir ya koma Jabalpur. Ɗaya zai aiko da kalmar Turanci guda, tsohuwa tukuf, wadda Turawan ma sun manta da ita. Ɗayan ya mayar da ma'anarta ba tare da ya buɗe ƙamus ba, ya sa ta a jimla, kuma dole jimlar ta zama gaskiya a rayuwarsu, ban da ƙage. Sannan ya ɗora tasa kalmar a ƙasa. Marigayiya matar Bhabatosh-babu takan ce tsofaffi biyu ne ke tsintar abin da masu shi suka zubar. Yanzu ba ta nan, ɗansu kuma yana Toronto, ran Lahadi yake bugo waya ya tambayi hawan jini. Katin nan kaɗai ke zuwa masa da hira.

Ran Talata Haradhan ya jingine kekensa yana murmushi.

"Kaka, yau ma ka kafa kujera a ƙofa? Anya ba budurwa ka ajiye a Jabalpur ba?"

"Budurwa mai sanƙo. Miƙo nan, marar kunya!"

"Kai kaɗai ka rage ana aiko wa kati a layin nan. Ran da ka daina, shayi zan koma sayarwa."

Adireshin ba rubutun Sudhir ba ne. Bhabatosh-babu ya juya katin. A tsakiya, da rubutun abokinsa, kalma guda ce: Relict. A ƙasa kuma Latika, matar Sudhir, ta ƙara layi biyu da Bangalanci, harshensu: "Yaya, ya ce in saka a akwatin gidan waya bayan an tashi zaman makokinsa. Ya ce kai za ka gane, ni ban san ma'anarta ba."

Ya sani mana. Sau nawa suka ci karo da ita a shafin sanarwar rasuwa, zamanin da ake jera haruffa da hannu? Ita ce macen da mijinta ya mutu ya bari.

"Ɗan banza," ya ce a hankali, "sai yau ka ga damar ba ni mai sauƙi."

Ya shige ciki ya zauna, shayinsa ya huce. Amma doka doka ce. Ya ɗauko sabon kati ya rubuta ma'anar, a karon farko da Bangalanci, don Latika ta karanta. Ya sa sunanta a jimlar, gaskiyar da bai taɓa son rubutawa ba.

Sai hannunsa ya gangara ƙasan katin da kansa. Mako uku yana ɓoye wata kalma da ya tabbata za ta kayar da Sudhir, har yana dariya shi kaɗai a kasuwar kifi. Ya daɗe da alƙalami a sama. A duk faɗin duniya babu sauran wanda zai ji haushin rashin saninta.

Ya rufe alƙalamin, ya bar wurin fari.