Wannan Ya Fi, Ko Wannan?

Yayana a shagon tabarau yake aiki. Yini yake yana zaunar da mutane gaban allon haruffa, ya ɗora musu gilashi, ya cire, ya ɗora wani, yana tambaya: "Wannan ya fi, ko wannan?" Ciwon ya biyo shi har gida. In aka aike shi sayen burodi, sai shayi ya huce.

To, shi ne ya yi wa Mama alkawarin injin wanki. Sabulu ya fara cin hannunta, likita ya ce ta rage taɓa ruwa, ita kuwa ba ta iya ganin kaya a kwando ta wuce. Kafin in dawo daga aiki ta riga ta shanya. Yaya ya ce zai nemi katin bashi na banki ta intanet, ya sayi injin, ya riƙa biya a hankali. Mama ta yi ta sa masa albarka. Da ta sani, da ta ajiye albarkar sai injin ya iso.

Kullum ya dawo sai ya baje a kujerar falo da waya. Wannan katin ba a biyan kuɗin shekara, amma kuɗin ruwansa da zafi. Wancan da sauƙi, amma ranar da ka makara biya, ka shiga uku. Har wani mai rangwamen tikitin jirgi sai da ya yi nazarinsa, mutumin da ko tashar mota bai cika zuwa ba.

"Auta, zo ki gani. Wannan ya fi, ko wannan?"

"Yaya, wanda ka zaɓa jiya fa?"

"Ai na gano wani abu a ƙananan rubutun da ke ƙasa."

Ba wauta yake yi ba, tsoron bashi yake, kuma ban ga laifinsa ba. Amma raina ya fara ɓaci, don ni nake jin tsakin Mama in kumfa ta shiga tsagar yatsunta.

Wata Asabar Mama ta baro wanki a bakin famfo, ta zauna kusa da shi, ta karɓe wayar a hankali. Ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan gwiwarsa. Na dama ya tsattsage, na hagu ya kumbura ya yi ja. Sai ta kwaikwayi muryarsa ta shago.

"Malam, duba da kyau. Wannan ya fi, ko wannan?"

Na fashe da dariya, amma Yaya bai yi ba. Ya cire tabaraunsa, ya goge, ya mayar, ya daɗe yana kallon hannayen. Wallahi sai ya ba ni tausayi.

Ya ɗauki wayar, ya koma kan katin da ya nuna min tun ranar farko, ya cike fom, ya tura. Sannan ya naɗe hannun riga ya miƙe.

"Ina kuma za ka?" in ji Mama.

"Bakin famfo. Kafin katin ya iso, ni ne injin."