Ajin da Baba Yake Ji da Kunne

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana koyar da lissafi kafin idonsa ya mutu. Da ya ajiye aiki, abin da ya dawo da shi gida kwali huɗu ne na littattafan darasi, dukkansu da rubutun hannunsa. Ni ce na zauna na buga kwalin farko a kwamfuta, na buɗe masa shafi a intanet, kyauta ga duk mai so. Dama aikina ke nan, ina rubuta manhaja a wani kamfani.

Duk Asabar in na je gida nakan kai masa rahoto. "Baba, mutum ɗari uku da sha biyu suka shiga wannan satin."

"Uwata, ke dai so kike ki faranta mini," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Mama ta leƙo daga kicin. "Yau ga malamin lissafi yana musu da lamba."

"Ai lamba ba ta tari, ba ta jan kujera. Ni da nake aji, ko na juya baya ina rubutu a allo, na san wanda ya gane da wanda ya ɓace."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shafin dama yana lura da duk motsin da aka yi a cikinsa, ba tare da sanin sunan kowa ba. Sai na yi sati biyu ina satar lokacin hutun rana a ofis, na haɗa wata 'yar manhaja mai mayar da motsin nan sauti a daidai lokacin da yake faruwa. In wani ya buɗe darasi, a ji ɗigon ruwa. In ya ci tambaya, siririyar ƙararrawa. In ya fita bai gama ba, a ji kamar an rufe ƙofa. Kowane darasi da muryarsa: na farko mai kauri, suna sirancewa har zuwa na arba'in. Mama kuma, don kada a bar ta a baya, na sa kowane sauti ya fito a talabijin ɗin falo, da'ira mai buɗewa a hankali, shuɗiya ko koriya ko ja.

Ranar da na kunna, falon ya kaure kamar kwaɗi bayan ruwan sama. Baba ya toshe kunne yana dariya.

"Wannan aji ne ko tasha?"

Ashe ba mutane ba ne, manhajojin nan ne masu yawo da kansu a intanet suna leƙa shafuka. Na tace su na fitar, na sake kunnawa. Sai shiru. Minti ɗaya, biyu, huɗu. Fanka kawai ake ji. Na fara cewa a raina yau na kawo wa tsoho hujjar cewa ba kowa.

Sai ɗigo ɗaya ya faɗo. Shuɗiyar da'ira ta buɗe a tsakiyar talabijin.

Baba ya gyara zama. "Wane ne?"

"Ban sani ba, Baba. Wani ne ya buɗe darasi na uku, yanzun nan."

Muka jira. Can sai ƙararrawa.

"Madalla, yaro!"

"Ko yarinya," in ji Mama.

Baba ya cire tabaraunsa ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Daga ranar, da an yi la'asar, lokacin da 'yan makaranta suke komawa gida, yana kujerarsa kusa da lasifika. Mama tana gefe tana tsintar wake, tana ba shi labarin launuka ko bai tambaya ba.

Bayan kamar wata guda ya kira ni ina ofis. Ko gaisuwa bai gama amsawa ba.

"Uwata, akwai rami a darasi na sha huɗu."

"Rami kuma?"

"Ƙofa ake ta rufewa, kuma duk da murya ɗaya. Kwana tara ina ƙirgawa. A nan yaran suke faɗawa."

Na duba. Cikin kowane mutum goma da suka buɗe darasin, bakwai ba sa kaiwa ƙarshe. Abin yana nan a gabana wata da watanni, ban taɓa lura ba.

Ranar Asabar na karanta masa darasin layi-layi. A tsakiya ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Laifina ne. Wannan wurin ban taɓa rubuta shi ba, da baki nake yi. Lemo nake yankawa a gabansu, su ga yadda rabin rabi yake zama kwata."

Mama ta ɗauko faranti da wuƙa. Yana faɗa tana yankawa, ina ɗaukar hoto. Sai da muka ɓata lemo biyar, don ta ce ba za a nuna wa duniya karkataccen yanka da hannunta ba.

Rufe ƙofar bai daina gaba ɗaya ba, amma ya ragu sosai, bakwai ta koma uku. Baba ya ce ukun ma bai yafe ba. Ya sa na ƙara wani ɗan gurbi a ƙasan kowane darasi, inda mai karatu zai rubuta abin da ya shige masa duhu.

Saƙon farko ya zo ina gidan. Na karanta masa: "Malam, ni tela ce, shekarata arba'in da shida. Na bar makaranta tun ina aji huɗu. Ban makara ba?"

Baba ya juyo inda yake jin muryata.

"Rubuta. Ki ce mata, wadda take auna yadi kullum ta riga ta wuce darasi na shida ba ta sani ba. Ta fara daga na bakwai, gobe da la'asar. Ina sauraro."