Yashin Kabarin Petrit

Da mijina Petrit ya shekara da rasuwa, ƙaninsa Luan ya kawo yashi a mota zai zuba wa kabarin kankare. Sabon magini ne, kuma gidansa na bakin teku. Hankalina bai kwanta ba.

"Daga kogi na ɗebo, matar Yaya," in ji shi.

Shekara talatin Petrit yana gini, kullum sai ya ɗanɗana yashi, saboda gishirin yashin teku na cinye rodi. Na lasa, na ji gishiri.

Luan ya yi dariya. "Hawayenki ne, tun safe kike kuka."

Na kurkure baki, na sake lasa a gabansa, gishirin na nan. Ya ɗauki shebur ya fara mayar da yashin mota.